Wa Ya Faɗa Maka, Shi Kuma Wa Ya Faɗa Masa?

A sashen tarihi na jami'ar da na yi karatu a Khartum, ba a ba ɗalibi shahada, wato takardar shaidar digiri, sai ya rubuta bahasin kammalawa, wato abin da a gida muke kira kundin bincike. Ana wannan magana ne kafin yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023, lokacin da mutum zai hau bas a Minal Barri da sassafe ya yi azahar a Sinnar. Ni mutumin Gombe ne, na tashi da labarin Burmi a kunnena: yadda Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya fita hijira da jama'a, aka bi shi har Burmi aka kashe shi a watan Yulin shekarar, ragowar mutanensa kuma suka nausa gabas tare da ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno. A gida nan labarin yake tsayawa. Da na zo Sudan sai na riƙa cin karo da jikokin mutanen da suka yi gabas ɗin. Mai agashe a bakin titi ya gaishe ni da Hausa, direban raksha ya ce kakansa Bakatsine ne, wani abokin ajina kuma ya ce shi ɗan Mai Wurno ne, garin da ke kudu da Sinnar a bakin kogi. Don haka na ɗauki maudu'in zuwan Hausawa gabar Shuɗin Nilu da yankin Jazira daga 1903 zuwa 1956, shekarar da Sudan ta samu 'yancin kai.

Bayani kam ba a rasa shi ba. Kafin a jima na cika fayil da rubuce-rubucen Facebook na Hausa da na Larabci, da shafukan Wikipedia, da saƙonnin murya da ake turawa a zauren WhatsApp na ɗalibai. Na haɗa su da tsarin bahasin na kai wa mushrif ɗina, malamin da aka ɗora wa duba aikin. Duktur Bahaushe ne haifaffen Gadarif. A aji Larabci yake yi zalla, amma in ka same shi a ofis shi kaɗai, ya aika aka kawo shayi, sai Hausa ta dawo, irin tasu mai gauraye da Larabci.

Ya jujjuya takardun, ya ce, "Ɗana, ka yi karatun hadisi kafin ka zo nan?"

Na ce, "Na ɗan taɓa, Duktur."

Ya ce, "To, aikin guda ne. Kowace magana a cikin nan ka nemi isnadinta. Wa ya faɗa maka, shi kuma wa ya faɗa masa? Wadda ta amsa ta zauna, wadda ta yi shiru ka ajiye ta gefe. Ban ce ƙarya ce ba. Amma ba za ta shiga hamishi ba."

Hamishi shi ne ɗan rubutun ƙasan shafi inda ake faɗin madogarar kowace magana. Na koma masauki na bi takardun ɗaya bayan ɗaya, ina rubuta wa kowace a samanta sunan marubuci, da shekarar da ya rubuta, da inda ya ce ya samo bayaninsa. Galibinsu ba su cike ko gurbi biyu ba. A nan na fara gane wasu maganganu da ake rufe rashin isnadi da su: "masana tarihi sun tabbatar", "bincike ya nuna", "kamar yadda kowa ya sani". Da zarar na ga ɗaya daga cikinsu ba tare da suna a bayanta ba, na san mai rubutun bai riƙe komai a hannu ba.

Abin da ya rage Duktur ya sa na raba shi gida biyu, yadda ake yi a jami'o'in Sudan, masadir da maraji'i. Masdari shi ne abin da ya fito daga zamanin da abin ya faru ko daga bakin wanda ya gani: wasiƙa, rahoton hakimi, waƙa, hira da tsoho. Marji'i shi ne abin da wani manazarci ya zo daga baya ya rubuta bayan ya karanta waɗancan. Bahasin tarihi da babu masdari a cikinsa, in ji shi, taƙaita littattafan mutane ne kawai.

Nema a intanet yana da tasa dabarar. In ka rubuta Hausa da Sudan kawai a Google Scholar, abin da zai fito maka bai taka kara ya karya ba. Tsofaffin takardu ba su damu da ware Bahaushe daga Bafulatani ko Babarbare ba. Duk Fallata ake ce musu, ko Takarir, Turawa kuma wani lokaci su ce 'yan Najeriya ko mutanen yamma. Kowane suna kuma da rubutunsa iri-iri: Fallata da Fellata, Mai Wurno da Maiurno, ga kuma yadda ake rubuta su da Larabci. Sai da na buɗe shafi a bayan littafina na jera duk waɗannan, kowane nema na yi shi da su duka, a rubutun boko da na Larabci. Wannan ya jawo wata kula ta dabam. In takarda ta ce Fallata, ba ni da ikon na mayar da ita Hausawa don kawai haka ya fi dacewa da bahasina. Ita kanta Mai Wurno Fulatanci yana da ƙarfi a cikinta.

Wikipedia ban daina buɗe ta ba, amma karatun ya koma daga ƙasa. Nakan gangara kai tsaye wajen manazarta na ga me aka dogara da shi, na je na nemo shi. Haka nake yi da kowace muƙala mai kyau da ta faɗo hannuna, hamishinta nake fara karantawa. Sannu a hankali sai wasu sunaye suka riƙa maimaita kansu. Umar al-Naqar, wanda littafinsa kan al'adar hajjin mutanen Afirka ta Yamma ya fito daga maɗaba'ar Jami'ar Khartum a 1972. Birks, masanin labarin ƙasa da ya bi diddigin hanyar alhazai ta ƙasa, a 1978. Mark Duffield, wanda ya zauna a Mai Wurno ya fitar da nasa a 1981. Bawa Yamba a 1995, kan ƙauyukan Hausawa na Jazira. Sai Farfesa Al-Amin Abu-Manga, masanin harshe a Jami'ar Khartum, da ya yi nazarin yadda Hausa da Fulatanci suke sajewa da Larabci a Sudan.

Ni dai na ji kamar na iso. Duktur ya ce saura, domin babban suna ba ya ɗauke wa mutum tambaya. Ya sa na karanta gabatarwar kowane littafi da kyau, wurin da ɗalibai suka fi tsallakewa: a ina marubucin ya zauna, a wace shekara, da wane harshe ya yi magana da mutane, kuma wace tambaya ce ta kai shi can? Duffield abin da ya dame shi gona ce da ƙwadago da kasuwa, yadda jari ya shiga rayuwar ƙauye. Yamba kuwa ya sa ido ne a kan yadda mutanen da aka haifa a Sudan, aka haifi iyayensu a Sudan, har yanzu suke ɗaukar kansu alhazai ne a kan hanyar Makka. In ka tambayi littattafan biyu me ya zaunar da mutanen nan, amsarsu ba za ta zo ɗaya ba, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Kowa ya amsa tambayar da ya je da ita, a garin da ya je.

Inda na fi shan wuya shi ne adadi. Kowane rubutu na intanet yana buɗewa ne da yawan Hausawan Sudan, wannan ya ce miliyan kaza, wancan ya ninka. Akwai wani adadi da na gani a wurare da yawa har na fara jin ya tabbata. Na ce bari na yi masa abin da Duktur ya ce. Shafin farko ya dogara da wata jarida, jaridar ta dogara da wani shafi, shi kuma shafin ya ɗauko daga hira da wani shugaban ƙungiya, wanda bai faɗi inda ya samo ba. Guga goma ne, rijiya ɗaya. Daga nan na koma tambayar da ta fi dacewa: wa ya taɓa ƙirgawa? Ƙidayar farko ta Sudan, ta 1955 zuwa 1956, ta rubuta ƙabila da harshe, amma ta tsufa, kuma ta yi nata rabon ƙabilun yadda masu shirya ta suka ga dama. Ƙidayar 2008 kuwa ba ta tambayi ƙabila ba sam. Ke nan duk wanda ya ba ka adadi na yau da ƙarfin murya, kiyasi yake yi. Kiyasi ba laifi ba ne in an kira shi da sunansa, an kuma faɗi yadda aka yi lissafin. Ni dai a ganina yawan son ƙara adadin nan yana rage wa mutanen daraja ne, domin tarihinsu bai buƙatar ƙari.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da ke tona asirin rubutu tun daga layin farko. Attahiru biyu ne suka yi sarautar Musulmi a 1903. Na farko, ɗan Ahmadu Atiku, shi ya yi hijira ya rasu a Burmi. Na biyu, ɗan Aliyu Babba, shi Turawa suka naɗa bayan sun shiga Sakkwato, ya yi mulki har 1915. Duk rubutun da na ga ya cakuɗa su, ko ya ba ɗaya shekarun ɗayan, nakan san mai shi bai zauna da tarihin ba, sauran maganganunsa ma sai na duba su sau biyu. Amma ba kowane saɓani ne kuskure ba. Shekarar 1321 ta Hijira ta kama ne a ƙarshen Maris na 1903, saboda haka cin Sakkwato ya faɗa a 1320, Burmi kuma a 1321, alhali a lissafin Miladiyya duk shekara ɗaya ce. Wanda ya juya shekarar Hijira zuwa Miladiyya ba tare da duba wata ba yana iya gocewa da shekara guda. In na ga marubuta biyu sun bambanta da shekara ɗaya tak, wannan nake fara dubawa kafin na zargi kowa.

A lokacin, masadir na rubuce suna Darul Wasa'iƙ, gidan adana takardun tarihi na ƙasa, wanda Muhammad Ibrahim Abu Salim ya daɗe yana shugabanta har sunansa ya manne da shi. Da wasiƙa daga kulliya, wato tsangayar da kake karatu, ake zuwa. Ka duba fihirisa, jerin sunayen takardun, ka rubuta lambar fayil, a kawo maka. A Maktabatus Sudan, wani ɗakin karatu na Jami'ar Khartum, kuma a lokacin akwai mujallar Sudan Notes and Records da aka fara bugawa a 1918, wadda jami'an mulkin Ingila ne suka cika shafukanta a shekarun farko, ana kuma samun ta a JSTOR, rumbun mujallun ilimi na intanet. Wasu takardun na jami'an suna Jami'ar Durham a Ingila. A nan ne ɗan Najeriya yake ɗan samun fifiko, domin takardun zamanin da Ingilishi suke, kuma abokan ajina da suka yi duk karatunsu da Larabci sukan jawo kujera kusa da ni.

Takardar da aka buga da tafireta, da hatimi, da kwanan wata, tana da kwarjini. Kana riƙe ta za ka ji kamar gaskiya ce tsantsa. Duktur ya ƙara mini tambaya ta uku saboda ita: don wa aka rubuta? Turawa sun karya daular Mahdiyya a yaƙin Karari a 1898, amma tsoronta bai bar su ba. Sun san mutanen yamma da yawa sun bi Mahdi, sun san labarin Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu, wanda ya bi Mahdi, ga tawayen Satiru na 1906 kusa da Sakkwato bai daɗe ba. Har wani jami'i mai suna Lethem aka taso daga Najeriya ya bi hanyar alhazai zuwa Sudan don ya gano yadda aƙidar Mahdiyya take yawo tsakanin ƙasashen biyu, aka fitar da rahoton a 1927. A daidai wannan lokaci kuma an gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, gonakin audugar Jazira suna neman hannu ruwa a jallo. Gwamnati guda ce take tsoron mutanen nan, take kuma buƙatar su. Shi ya sa jami'in leƙen asiri zai zana su a matsayin masu tsaurin addini da ya kamata a sa wa ido, jami'in gona kuma ya yabe su da juriyar aiki. Kowanne yana rubuta wa na gaba da shi abin da ofishinsa ya damu da shi.

Don haka na koyi raba takarda ɗaya kashi biyu. In ta faɗi ranar da aka ba da umarni, ko wurin da aka ba wa wasu izinin zama, ko harajin da aka yanka, nakan riƙe wannan da ƙarfi, domin aikin ofis ne kuma na sama zai duba. In kuwa ta shiga faɗin abin da ke zukatan mutane, me ya fito da su daga garinsu, me suke nufi, sai na sassauta riƙo. Baturen ba ya jin Hausa ko Fulatanci a galibin lokuta. Ta bakin tafinta ya ji, ko ta bakin ɗan rahoto da ake biya, wanda shi ma yana da abokai da maƙiya a cikin garin.

Sai hira da tsofaffi, kuma nan ne na fi daɗewa. Abokin ajina ya kai ni garinsu, daga baya kuma wani ɗan'uwansa ya raka ni wani kambo na Hausawa a wajen Wad Madani, irin ƙauyukan ma'aikatan gona da ke gefen magudanan ruwa na Jazira. Ba a shiga irin wannan wuri da littafi a hannu. Sai an gaisa, an sha shayi, an san ɗan wane ne ya kawo ka, sannan ka nemi izinin naɗar murya. Duktur ya gargaɗe ni tun a Khartum kada na buɗe baki da "yaushe kuka zo Sudan". A wurina tambayar tarihi ce, a wurinsu kuwa tambayar jinsiyya ce, wato takardar zama ɗan ƙasa. Dokar 1957 ta ɗaura zama ɗan Sudan a kan zaman mutum ko kakanninsa a ƙasar tun ƙarshen 1897, kuma mutanen nan sun daɗe suna shan tambaya a kan haka. Wanda ya san wannan zai gane dalilin da ya sa wasu gidaje suke son kai zuwansu can baya. Wasu kuma da gaske sun riga 1897 nesa, tunda hanyar hajji ta ƙasa ta girmi Turawa da ƙarnoni. Sai dai mai bincike ya san cewa shekarar da aka ba shi tana ɗauke da wani nauyi da bai shafi bahasinsa ba.

An kai ni wurin wani dattijo da kowa ya ce shi ne ya san tarihi. Ya kuwa sani. Ya zayyano labarin tiryan-tiryan, daga fitar Attahiru har isowar Mai Wurno wajen garin Shaikh Ɗalha a 1906, da shekaru na Miladiyya, har da sunan Manjo Marsh, hafsan Turawa da ya mutu a Burmi. Ina ta murna, ga masdari ya tabbatar da abin da ke cikin littattafai. Amma tsaftar labarin ta yi yawa. Da ya numfasa na ce, "Baba, Allah ya ƙara girma, wannan a bakin wa kuka ji shi?"

Ya ce, "Ɗana ne malamin makaranta, shi ya karanta mana a littafi. Wani kuma a rediyo na ji."

Ashe littafin ne ya zagayo ya same ni ta bakinsa. Da na sa shi a hamishi a matsayin shaida ta biyu, da na ƙirga shaida ɗaya sau biyu. Na sake tambaya, "To Baba, abin da mahaifinku ya faɗa muku da bakinsa fa?" Ya yi shiru, sannan ya kawo 'yan abubuwa kaɗan, ba shekara ba tsari: inda suka fara sare daji, wanda ya raba gonaki, wata shekara da dabbobi suka mutu. Waɗannan ne nasa, kuma su ne babu a kowane littafi da na karanta.

A kambo kuwa wata tsohuwa ce ta fi ba ni abin riƙewa, ita da ba wanda ya ambata mini ita da farko. Sai da matar mai masaukina ta ce a shigar da ni cikin gida. Tana ganina ta ce, "Ga angona ya zo daga Hausa, me ka kawo mini?" Na ce, "Iya, sadaki na zo biya, amma sai kin ba ni labarin surukina." Ta yi dariya ta fara. Ba ta san shekara ko ɗaya ba. Ta dai ce mahaifinta yana yaro suka bar ƙasar Kano bayan yunwar Kakalaba, suka yi zama a Barno, suka yi noma a ƙasar Wadai har ya zama saurayi, suka bi ta Jinaina da Fashir. A Ubayyid ya fara ganin jirgin ƙasa. Daga nan ya yi dakon dutse a Makwar, ya tara kuɗin Makka, aure ya riƙe shi.

Na dawo da wannan na auna shi da abin da ke rubuce. Kakalaba yunwar 1913 zuwa 1914 ce. Layin dogo ya riga ya kai Ubayyid tun wajen 1912. Makwar shi ne wurin da aka gina madatsar Sinnar, wadda aka gama a 1925. Abu uku da ba ta san shekarunsu ba, ta jera su yadda suka dace, kuma daga bakin wanda ya gani da idonsa ta ji, wato mahaifinta. Wannan isnadi ne gajere mai ƙarfi. Amma ita ma a ƙarshe ta ce su mutanen hijira ne, da Mai Wurno suka zo, alhali labarinta da kansa ya nuna shekaru da dama ne tsakaninsu da ayarinsa. Ban yi mata gardama ba, ba hurumina ba ne. A bahasi na rubuta abin da ta faɗa yadda ta faɗe shi, na kuma rubuta abin da alamomin cikin labarin suka nuna. Na lura gidaje da yawa suna jingina kansu da hijirar, domin wanda kakansa ya bar gida gudun mulkin Nasara yana da wata daraja da ɗan ci-rani ba shi da ita.

Wani abu da na kiyaye bayan haka shi ne raba masu ba da labari. In ka tara dattawa a inuwa ɗaya, babbansu ne zai yi magana, saura su ce "haka ne". Ka tashi kana zaton mutum biyar sun yi ittifaƙi. Kowa nakan same shi shi kaɗai, kuma nakan tambayi shekarunsa ta hanyar abin da ya tuna, kamar ko ya yi wayo lokacin da Turawa suka tafi.

Mujallu da kundayen digiri ba su ci mini lokaci sosai ba, saboda gwajinsu mai sauƙi ne. A Sudan ana tambaya ko mujalla muhakkama ce, wato ko sai masana sun tace muƙala kafin a buga. Akwai waɗanda ke da'awar haka a intanet, amma za ka ga suna buga likitanci da adabi da aikin gona a fitowa ɗaya, suna alƙawarin bugawa cikin 'yan kwanaki in ka biya. Waɗannan na bar su. Sauran kuwa, ko muƙala ce ko kundin majistir (digiri na biyu) daga rumbun wata jami'a, nakan zaɓi hamishi biyu ko uku na je na buɗe littafin a shafin da aka ambata. In maganar tana nan, na ci gaba da karatu da natsuwa. In babu ita, ko an juya ma'anarta, na rufe. Irin wannan gwajin ne ya sa ni ma na shiga taitayina: duk littafin da na taɓa sai na ɗauki hoton bangonsa da shafin da ke ɗauke da shekarar bugu, kuma a littafin rubutuna maganar marubuci tana da alamarta dabam da tawa, da lambar shafi a gefe.

Da na zo rubutawa, Duktur ya hana ni yi wa kowace magana murya ɗaya. Abin da masadir biyu da ba su ɗauko daga juna ba suka haɗu a kai, na ce ya tabbata. Abin da ya zo ta hanya ɗaya mai ƙarfi, na ce bisa ruwayar wane. Abin da ake faɗa ba isnadi, in ya zama dole ya shiga, na ce ana faɗa. Da wannan bahasin ya fito da abin da ban shiga da shi ba, cewa zuwan ba guda ɗaya ba ne. Akwai alhazan da suka riga Turawa, akwai ayarin hijira da ya biyo bayan Burmi, akwai waɗanda yunwa da haraji da niyyar hajji suka taso, aikin Jazira ya tsayar da su, sannan akwai na baya da suka zo a manyan motoci ta Fort Lamy, Njamena ta yau.

Ranar munaƙasha, wato ranar kare bahasi, ɗaya daga cikin malaman da ke kan teburi ya ce ya duba bahasin daga farko har ƙarshe bai ga yawan Hausawan Sudan ba. Na ba shi labarin ƙidayar 1955 da ta 2008 da inda adadin intanet ya samo asali. Ya ce to a rubuta hakan a gabatarwa, sakin layi ɗaya, don mai karatu ya san da gangan aka bari. Ya kuma tambayi dalilin da ya sa hirar dattijon nan, wadda ta fi kowace tsawo a rataye, ba ta bayyana a babin Burmi ba. Na ce tana babi na ƙarshe, inda na yi magana kan yadda jikokin masu hijira suke ba da labarin a yau, da yadda littafi da rediyo suka shiga cikinsa. A can ita ce babban masdarina. Malamin ya buɗe babin ya karanta shafin farko, ya ce a ƙara sunan garin da ranar hirar a hamishi, sannan a kai a ɗaure.